Tambaya da Amsa: Wace Jaka Zan Saya Don Ɗauko Naman Farauta?

TAMBAYA

  Ni matashi ne daga ƙaramar hukumar Shanono. Da damina noma nake yi, in an kawar da amfanin gona kuma sai in bi ayarin farauta, sana'ar da na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Bara mun yi nisa ƙwarai, Allah ya ba ni mazo, na cusa shi a buhu na saɓa tun hantsi har bayan la'asar kafin mu iso inda motarmu take. Kwana goma na yi ba na iya sunkuyawa, kuma da muka kwance buhun sai muka tarar cinya ɗaya ta soma wari. To na ga wasu Turawa a waya suna goya naman wata dabba mai girman sa a jaka mai ƙarfe, suna hawan dutse da shi kamar ba komai. Wani abokina a Kano ya ce akwai irinta ta sojoji a gwanjo. Na ɗan tara kuɗi. Wace iri zan saya, kuma me zan duba kafin in biya?

Daga wani mai karatu, Shanono.

AMSA

 Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta, ya kuma ba ka lafiyar bayan nan.

Ciwo biyu ka kawo mini a takarda ɗaya, ciwon baya da warin nama, kana neman magani ɗaya. Jakar da ka gani tana iya rage na farko. Na biyun kuwa ba ruwanta da shi, in ma ba ka yi hankali ba sai ta ƙara shi. Saboda haka ka riƙe kuɗinka a aljihu tukuna, mu yi magana.

Dabbar da ka gani a bayan Turawan nan, mafi yawa wata babbar barewa ce ta duwatsun yammacin Amurka, a jihohi irin su Kolorado da Montana da Idaho, wadda suke kira elk. Namijinta yakan kai kilo 300, wato buhun siminti shida. A Alaska akwai wadda ta fi ta, mai haura kilo 500. Mutum yakan harbe ta a kan tsauni inda ba mota ba babur, shi kaɗai ko su biyu, kuma dokarsu ta hana a kwashe ƙaho a bar nama ya ruɓe a daji, wanda ya yi haka tara ce ko ɗauri. Dole ya sassare ta gaɓa-gaɓa, ya yi sawu huɗu ko biyar yana jida. Wannan larurar ce ta haifi jakar. Kamfanoni irin su Mystery Ranch da Kifaru da Stone Glacier suna yin ta da ƙashi mai ƙarfi a ciki, da ɗamara mai kauri da ke zama a kan ƙugu, da wani fili tsakanin ƙashin da jakar inda ake matse naman ya manne da baya. Sabuwarta ɗaruruwan daloli ce, kuɗin da zai isa ka noma gona guda har ka sayi taki.

Akwai kuma abin da waya ba ta nuna maka ba, shi ne sanyi. Farautarsu daga watan Satumba ne zuwa Nuwamba, a kan tudu inda ruwa kan daskare da dare. Bature yana iya rataye cinya a reshe ta kwana biyu ba ta yi komai ba. Kai kuwa a watan Maris ko Afrilu kake ratsa daji, zafi ya kai digiri 40, ƙuda na bin ka kamar ka ci masa bashi. Ƙwayoyin da ke ruɓar da nama, in sun sami ɗumi da laima, sukan ninka kansu cikin kamar minti 20. Ka lissafa daga hantsi zuwa la'asar ka ga abin da ya faru a buhunka. Cinyar ce ta fara wari domin ita ta fi kauri, zafin jikin dabbar bai sami hanyar fita daga jikin ƙashi ba, kai kuma ka rufe ta a buhun da ba ya shan iska, ga rana ta sama, ga zafin bayanka ta ƙasa. Da jakar Amurka ka sa ta a haka, da warin nan za ka tarar, sai dai ka tarar da shi cikin jaka mai tsada.

Sannan mu faɗa wa juna gaskiya kan girman abin da kake ɗaukowa. Ƙasar Shanono da Bagwai da Gwarzo da Tsanyawa gona ce ta haɗu da gona, ba inda babban nama zai ɓuya. Abin da kare ke tayarwa a nan zomo ne da kurege da gafiya da bushiya, sai fakara da zabi, in an yi sa'a a ga damo. Waɗannan burgami ma ya ishe su. In kun shiga mota kun yi nisa, gada ce mai kilo 12 zuwa 25, ko barewa da ta ɗan ɗara ta, ko mazo irin naka. Manyan, wato gwanki mai kai wa kilo 250 da ɓauna da ta fi shi, yau ragowarsu a gandun da hukuma ta killace suke, kamar Yankari ta jihar Bauchi da aka keɓe tun 1956. Can farauta laifi ne, haka ma a Falgore ta nan kudancin Kano, kuma akwai dokar tarayya ta 1985 da aka sabunta a 2016 mai kare dabbobin da ke shirin ƙarewa. Ba zan taya ka zaɓen jakar ɗauko gwanki ba. In kana shakkar wace dabba aka halatta a inda za ku, ka tambayi malamin daji kafin ku tashi. Kayanka na halal, in an auna, tsakanin kilo 12 ne da 45. A kan wannan za mu yi lissafi.

Kuma ko wannan ɗin bai kamata ya hau bayanka duka ba. Nan ne nake ganin samarin yanzu sun bar tsofaffi da ilimi. Maharbin da, wanda kan yi wata guda a dawa, ba ya dawowa da ɗanyen nama. Wuƙa da wuta su ke rage masa kaya. Ɗauki mazo mai kilo 45. In ka yanka ka feɗe, ka fitar da tumbi da hanji, ka zubar da abin da ke cikinsu, kusan kilo 10 ya tafi. Ka cire kai da ƙafafu da fata, ka zare ƙashi, tsokar da za ta rage ba za ta wuce kilo 16 zuwa 18 ba a ƙiyasce. Tsokar nan kuma kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne. In aka yanyana ta aka shanya ta bushe ƙamas yadda masu kilishi ke yi, kilo 10 yakan koma uku ko huɗu. Ko ba a kai nan ba, bandar dare ɗaya a kan garwashi za ka ji bambancinta a kafaɗa, kuma naman zai kai gida lafiya. Ashe fiye da rabin abin da ya karya maka baya ruwa ne da ƙashi da kashin dabba.

Na san abin da za ka ce: mu ba ma zubar da kai da ƙafa da kayan ciki kamar Bature. Gaskiya ne, ban kuwa ce ka zubar ba. Hanta da zuciya da ƙoda su ne abincin dare a sansani, domin su ke fara lalacewa. Kai da ƙafafu a babbake su a ba wani ya riƙe, fata a barbaɗe ta da gishiri ko toka a naɗe ta daban. Ai shi ya sa ake fita ayari. Abin da na ce shi ne kada mutum ɗaya ya rungumi dabba sukutum don a gan shi da ita a bakin gari. Wannan burgar ita ce ta kwantar da kai kwana goma.

Ga yadda aikin yake in dabba ta faɗi. Ka yanka da bisimilla in ka same ta da rai, ka bar jini ya tsiyaye. Ka fasa cikin nan take, kada ka ce sai an je sansani, kuma ka yi hankali kada wuƙa ta huda hanji ko mafitsara. Ka raba cinyoyi da kafaɗu, ka tsaga cinya har ƙashi don zafi ya fita, ka rataye su a inuwa inda iska ke kaɗawa, ko da na sa'a ɗaya ne, har bayan naman ya ɗan bushe. Kada ka wanke shi da ruwan kududdufi. In tafiyar da ke gabanka ta wuce sa'a biyu ko uku a rana, to ka tsaya ka yi banda: ka kafa rassa huɗu masu gwafa, ka jera ɗanyun sanduna a kai kamar kamu uku daga ƙasa, ka hura garwashin ƙirya ko marke, wuta kaɗan hayaƙi da yawa. Ka guji tinya da tumfafiya, ƙaronsu guba ne. In za ku tashi ku kashe wutar da ƙasa, kada ku bar wa makiyaya gobara. Da hunturu, sanyi da busasshiyar iska suna taya ka rabin aikin, da bazara kuwa ba mai taya ka.

Abin zubawa kuma, ka raba kanka da leda. Leda gumi take sa nama. Buhun taki da na maganin feshi ma haramun ne gare ka ko an wanke. Ka sa tela ya ɗinka maka 'yan jakunkuna huɗu na farin yadin auduga masu zariya a baki, kowace ta ɗauki cinya guda. Suna hana ƙuda yin ƙwai, suna barin iska ta shiga, in ka dawo a tafasa su a shanya. Turawan da ka gani ma irinsu suke sa naman a ciki kafin ya hau jakar, kuma a cikin duk kayansu wannan ne na fi so ka kwaikwaya, ga shi ya fi komai araha.

To, yanzu ɗaukar. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ni kuwa na ce bayan mutum ma da maratayi yake fushi. Saɓa buhu a kafaɗa ɗaya ita ce mafi munin hanya, domin tana karkatar da ƙashin baya gefe guda sa'o'i da yawa. Gammo ya fi ta nesa ba kusa ba. A 1986 wasu masana sun auna matan Luo da Kikuyu na ƙasar Kenya, suka tarar suna ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da sun ƙona ƙarin ƙarfi ba, matan Luo a ka, na Kikuyu da maɗauri a goshi. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja ɗauko goro ba su san jakar goyo ba, kai ne da jaki. Aibin gammo a daji shi ne rassa da ƙaya, da kuma hannu ɗaya da yake ɗaurewa, ga wuya da ke shan wahala in ƙasa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Jaki da mangala ya fi duka, yana tafiya da kilo 40 zuwa 50 yini guda bai damu ba, sai dai jakin ma ya zama na masu hali tun da aka shiga yanka shi don fatar da ake kaiwa Sin, har Tarayyar Afirka ta haramta wannan ciniki a Fabrairun 2024. Inda babur ke shiga kuwa, kariya da roba sun gama magana. Amfanin jakar goyo yana tsakanin inda dabba ta faɗi ne da inda taya ke iya zuwa. In wannan tazarar tana da tsawo a irin dajin da kuke shiga, to jakar tana da dalili.

In ka je sayenta, abu na farko ka lanƙwasa ta da hannu biyu. In ta naɗe kamar tabarma, jakar 'yan makaranta ce komai girmanta, ajiye ta. Dole ta kasance da ƙashi, ko na ƙarfen alminiyam a waje ko sanduna biyu a ciki, wanda ya tashi daga ƙugu ya kai saman kafaɗa. Ni na fi son mai ƙashi a waje saboda ƙasarmu, domin tana barin rata tsakanin kaya da baya, iska na wucewa, kuma ana iya cire jakar a ɗaure buhu a jikin ƙarfen kai tsaye. Na biyu, wanda ya fi kowanne, ɗamarar ƙugu. Ba siririn maɗauri ba, mai faɗin tafin hannu, cike da soso mai tauri, wadda in ka ɗaure za ta zauna daidai kan ƙashin ƙugunka. Aikin jakar duka shi ne ta sauke nauyi daga kafaɗa ta ɗora wa ƙugu da cinyoyi. In ka ɗaure ɗamara ka ga har yanzu ba ka iya zura yatsa ƙarƙashin maɗaurin kafaɗa, to ko jakar ta yi maka gajarta ko ɗamarar ta banza ce. Tsawon baya ya bambanta tsakanin mutane kamar yadda ƙafa ta bambanta, don haka kada ka aiki abokinka, ka je da kanka.

Sauran ƙanana ne. Ka duba ɗinki a inda maɗaurin kafaɗa ya haɗu da jiki, nan take fara yagewa. Ka matsa maƙullan roba ka ji ko sun tsufa, domin na gwanjo da yawa rana ta cinye su. Zif ba abokin nama ba ne, jini da rairayi suna kashe shi, mai zariya a baki ta fi. Yawan aljihu kuma ado ne.

Kada ka gwada ta wayam. Jaka wayam kowace daɗi gare ta. Ka sa a auna maka kwano takwas na masara, kusan kilo 20 ke nan, ko ka cika jarka, ka sa a ciki ka zagaya layin kasuwa sau biyu, ka hau matakala ka sauko. Mai kayan da ya hana ka wannan gwaji ya san abin da yake sayarwa. Ka kuma san iyakarka: mutum mai kilo 60, kilo 12 zuwa 15 ne kayan doguwar tafiya, 20 na gajeriya. Abin da ya haura haka a raba shi biyu, ko a yi sawu biyu.

Maganar jakar sojoji kuwa, a nan zan ɗaga murya. Irin wadda sojan Amurka ya soma amfani da ita a 1973, mai ƙashin alminiyam, tana da ƙarko, ba musu. Amma kada ka kuskura ka sayi mai launin kakin soja, mai dabbare-dabbaren nan. Doka ta hana farar hula shigar soja, kuma kai ka fi ni sanin halin da yankinku na iyaka da Katsina ya shiga, da yadda jami'an tsaro da 'yan sa-kai ke kallon duk wanda ya ɓullo daga daji. Saurayi da bindigar toka a hannu, da jakar soja a baya tana ɗigar jini, ba kowa zai tsaya ya tambaye shi sunan ubansa ba. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, suna hanyar dawowa gida Kano yin salla, da dama daga cikinsu 'yan Torankawa ta Bunkure. Allah ya jiƙansu. Ka sayi baƙa ko ruwan ƙasa ko shuɗiya. Takardar bindigarka da katin ƙungiyarku su kasance a aljihun gaba cikin leda, nan ne kawai leda ke da amfani, kuma duk garin da za ku shiga dajinsa ku fara gaida mai gari da sarkin dawa.

Da ni ne kai, da ban sayi ta gwanjo ba ma. Da na je wurin mai walda ya lanƙwasa mini siririn bututu ya yi ƙashi mai siffar ƙaramin tsani, tsawonsa daga ƙuguna zuwa ƙeyata, faɗinsa daidai faɗin bayana, da ɗan dandamali a ƙasa inda kaya zai zauna. In nauyin ƙarfe ya dame ni, gora ma tana yi. Sai in sayi tsohon bel ɗin kujerar mota wurin masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa, wanda aka yi shi don ya riƙe mutum a haɗari, ba cinyar mazo ce za ta tsinka shi ba. In kai wa baduku ko mai ɗinkin tamfol ya naɗe soson katifa mai tauri a ciki, ya fitar da maɗaurin kafaɗa biyu da ɗamara ɗaya. A saƙa igiya ko ragowar bel ɗin a tsakiyar ƙashin don ƙarfe kada ya taɓa baya. Ba za ta yi kyan ta waya ba, amma an auna ta da jikinka, in ta lalace a kasuwar garinku za a gyara, kuma da kaka ta ɗauko maka buhun gyaɗa daga gonar da amalanke ba ya shiga.

Wurin ɗaurawa, mafi nauyi ya zauna tsakanin kafaɗu da tsakiyar baya, manne da ƙashin, kada ya yi ƙasa ya riƙa dukan ɗuwawu, kada kuma ya yi lilo. Ka ɗora ta a kan kututture ko suri, ka juya ka shiga maɗauran, ka fara ɗaure ƙugu sannan kafaɗa, ka miƙe da gwiwa. Ka riƙe sanda. Duk sa'a guda ka sauke a inuwa, kai ka sha ruwa, naman ya sha iska.

In kun iso gida, a wanke komai da ruwan zafi da sabulu a ranar, a rataye inda ɓera ba ya kaiwa, haka ma bandar. Zazzaɓin Lassa, da aka sa wa sunan wani gari na jihar Borno inda aka fara gano shi a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma da rani ya fi yaɗuwa, daidai lokacin farautarku. Dabbar da ka tarar a mace kuwa, ko wadda ka ga tana tangaɗi tun kafin a taɓa ta, kada ta hau jakarka ko don fatarta.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka in ka haɗa ta, ka goya kwano huɗu ka je gona ka dawo har mako guda, sannan ka ƙara zuwa shida, ka gyara duk inda ta ci maka fata tun kafin a buga gangar fita. Bayan nan naka kuma, in ciwon yana sauka ta ɗuwawu zuwa ƙafa, ko kana jin yatsun ƙafarka suna mutuwa, ka je asibiti a duba ka kafin ka sake goya ko da kwano ɗaya. Ka gaida mutanen Shanono.